Tsiron Shinkafa da Hannun Inna

Duk matar da ta taɓa haihuwa a unguwarmu ta Keffi ta san kunun zaƙin Innata. Ba sayarwa take yi ba, kada ma ku soma wannan zancen. Roƙonta ake yi. Mace na sauka, tun kafin maza su gama gardamar rago, za a turo tsohuwa da goro a ƙulle cikin ganye ta ce, "Ana gaishe ki, wai a taimaka da hannu." Inna sai ta ɗan ja aji, ta ce bayanta na ciwo, ta ce geron bana bai yi kyau ba. Tsohuwar ba za ta kai zaure ba za ka ji Inna ta hau wanke tukwane tana ƙwala mana kira.

Abin da take taƙama da shi, ko ƙwayar sukari ba ta sa wa kununta. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka fara shigowa, aka daina fam da sule aka koma naira, kantuna suka cika da sukari mai kwali da madarar gwangwani. Mata da yawa suka huta, su dama gasara su antaya sukari su ce sun yi kunu. Inna in ta kurɓa sai ta taɓe baki ta ce, "Kunun malalata."

Nata aikin kwana da kwanaki ne. Za ta jiƙa shinkafa mai ɓawo, ta baza a kan jiƙaƙƙen buhu a lungun madafi, ta rufe. Kwana huɗu sai ka ga ta fitar da fararen saiwoyi. Wannan shi ne tsiro. Ta shanya shi ya bushe ta adana a kwanon sha mai murfi. Ranar kunu a kai jiƙaƙƙen gero inji da citta da kanumfari, a raba ƙullun biyu. Babban kaso ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ta dama, ya yi kauri har muciya ta tsaya a ciki da kanta. Ƙaramin kason, wanda aka niƙa tare da tsiro, ɗanye ake barinsa. Sai jira. Inna ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno, can an jima ta tsoma ƙaramin yatsanta a cikin tukunyar ta yi salati uku. In ta zare kafin ta gama, da saura. In yatsan ya jure, ta juye ɗanyen a ciki, ta gauraya, ta rufe. Da safe a buɗe, abin nan mai kauri ya tsinke ya zama ruwa, zaƙi kuwa har kunne.

Na taɓa tambayarta me ke tsinka shi. Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Hannu ne. Wurin uwata na gada, ita ma wurin tata."

To, ni kuma a lokacin ina aji uku a sakandare, shekarata goma sha shida, kuma an naɗa ni shugabar tsafta ta ajinmu har da ɗan baje a ƙirji. Wayyo, baje! Shi ya ɗebe ni. Shekarar ce ake ta tsoron amai da gudawa, rediyo ba ta da magana sai a tafasa ruwa, duba-gari na yawo a keke yana leƙa randunan mutane. Ni na ɗauki abin na ɗora a ka fiye da duba-garin. Na tafasa cokula. Na tafasa asuwakin Baba, ya ce ya zama kamar jiƙaƙƙiyar igiya. Na tafasa matajin roba na ƙanwata ya lanƙwashe, muka yi kwana biyu ba ma magana. Inna ta raɗa mini suna 'yar boko mai tukunya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsiron nan. Kwana huɗu a jiƙaƙƙen buhu yana tsami, sannan a shanya shi a tsakar gida, kaji su bi ta kai, ƙudaje su yi taro. Kuma a zuba shi ɗanye cikin abin da jama'a za su sha! Na yi wa Inna magana sau ɗaya, ta ce in ban rufe mata baki ba za ta tafasa ni ni ma. Sai na yi shiru, amma shirun mugunta. Aikina ne wanke tsiro da kai niƙa injin wani Inyamuri kusa da tasha. Rannan Inna ta shiga ɗaki sallar la'asar, ga ruwa na tafasa a murhu. Na juye tsiron a ƙaramar tukunya, na ba shi wuta ya yi tafasa biyu kyawawa, na tsame, na ɗauraye da ruwan sanyi. Na ɗauki kayana na tafi inji ina jin na ceci unguwa guda.

Da safe Inna ta ɗaga murfi. Kunu yana nan yadda ta bar shi, kirtif, ya ma ƙara kamewa. Ta ɗanɗana, salam. Baba ya leƙo, mutum ne mai tsokana, ya ce, "A'a, yau tuwo aka yi mana da sassafe? To a kawo miya." Inna ta ce geron ne, daga Gitata aka kawo shi, dama tun a mudu bai kwanta mata ba. Allah ya taimaka wannan na gida ne, ba na suna ba. Aka ba awaki.

Ni kuwa wallahi ko a mafarki ban kawo laifina ba ne. Ina ruwan tsafta da zaƙi? Na ma taya ta zagin geron Gitata.

Na biyu na sunan gidan wani tela ne. Na sake tafasawa, kunu ya sake ƙi. Inna ta ce ruwan famfo ne, tun da aka ja famfo unguwar nan komai ya lalace. Dole aka sayo sukari aka sirka da ruwa, aka kai. Matan suna suka sha suka ce madalla, amma irin madallar nan da ake ja wa wutsiya. Na uku ta sa aka ɗebo ruwan rijiya, ta zaɓi gero da kanta ƙwaya-ƙwaya, ta canja inji. Abu ɗaya ne ba ta canja ba, 'yar aike. Kunu ya ƙi.

Daga nan wasa ya ƙare. Inna ta tuna cewa maƙwabciyarmu, wata Bayarabiya mai kanti da muke kira Iya, ta taɓa kama hannunta a wani biki ta ɗaga sama ta ce, "Wannan hannu, zinariya ne!" kuma ba ta ce tubarkalla ba. Shi ke nan, kambun baka. Iya fa, wadda shekara ashirin suna miƙa wa juna gishiri ta kan katanga, wadda ita ta riƙe Inna ranar da aka haife ni. Inna ta daina amsa gaisuwarta sai da ka. Ta hana mu sayen ashana a kantinta, sai mu zagaya har bakin kasuwa. Aka karɓo rubutu, ta sha rabi ta wanke hannu da rabi. Aka yi turare har kaji suka bar gidan.

Baba ya daina tsokana. Wata rana na dawo daga makaranta da azahar na same ta a gindin mangwaro, ta buɗe tafin hannunta na dama a kan cinya tana kallo, kamar mai duba ƙaya. Ba ta ji shigowata ba. Hawaye ne ke sauka, ba ta ko sharewa. Ban taɓa ganin Inna na kuka ba sai ranar, kuma tausayinta ya kama ni har na kasa cin abinci. Na ji na tsani Iya, ni uwar marasa kunya.

Ana cikin haka matar Yaya ta haihu, namiji.

Yaya shi ne ɗan farin Inna, kuma Inna mutuniyar da ce wajen alkunya. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan". In ya shigo gaishe ta, bango take amsa wa. Ranar da ya sami aikin akawu a ofishin gwamnati, kowa na murna, ita ta ce a tafi a duba mata akuya. Jikan nan ma ba za ta ɗauke shi a gaban mutane ba, ba za ta yi guɗa ba, ba za ta ce ya yi kyau ba. Hanya ɗaya ce tak al'ada ta bar mata ta nuna abin da ke ranta, wato kunun suna. Tun cikin yana wata biyar take tanadin tsiro. Ga kuma dangin mai jego za su cika mota daga Garaku, kuma an riga an cika musu baki da labarin kunun surukarsu.

Kwana uku da haihuwa Gwaggo, yayar Baba, ta zo ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce akwai wata mai kunu a Jigwada, an ce ba laifi. Inna ta ce, "A ba ta." Gwaggo ta ce ko za a ƙara gwadawa sau ɗaya. Inna ta ce, "Na gama. Ba zan kunyata a gaban baƙi ba. Abin da aka ba ni an karɓe." Ta ɗauki kwanon tsiron ta tura ƙarƙashin gado.

Kwana biyar da haihuwa muna da darasin kimiyya. Malamarmu 'yar kudu ce, gajeriya mai faɗa, takalminta na ƙwas-ƙwas tun daga ofis. Ta shigo da risho da ɗanyen ƙwai da 'yan kwalabe. Ta fasa ƙwan a kasko, farin nan mai yauƙi ya kame ya yi fari fat. Ta ce wa zai mayar mata da shi ɗanye? Muka kalli juna. Ta ce ko shugaban ƙasa bai isa ba.

Sai ta shiga bayani. Ta ce jikinmu da na kaza da na shinkafa duk ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kuma masu yin aiki a cikinsu su ne furotin. Kowane furotin zare ne dogo da aka jera wa duwatsu kamar tsakiyar da mata ke ratayawa a wuya, duwatsun iri ashirin ne, jerin kowane daban. Amma zaren a miƙe ba ya aikin komai, sai ya naɗe kansa wani irin naɗi nasa na musamman. Ta cire ɗankwalinta mai tsini biyu da muke yi wa dariya a ɓoye, ta warware shi ta ɗaga. Ta ce ƙyallen bai ragu ba, ko zare ɗaya bai fita ba, amma ɗaurin ya tafi. Haka zafi ke yi wa furotin, ya warware naɗin, aiki ya tsaya.

Daga nan ta ce kowace ta tofa yawu a kwalba. Tabɗi! 'Yan mata arba'in, kowa ta sunkuyar da kai. Wata ta ce ita tana azumi, malama ta ce azumi bai hana tofi ba. Ni shugabar tsafta aka fara nunawa, na tofa ina ji kamar ƙasa ta tsage. Ta raba yawun biyu, ta ɗora rabi a risho. Jama'a, yau ga mace da digirinta tana dafa miyau! Muka yi ta dariya har ta buga tebur. Ta kawo ruwan sitaci, irin na guga, ta zuba a kwalba biyu, ɗaya da ɗanyen yawu ɗaya da dafaffe. Muka jira. Sannan ta ɗiga aidin, wanda ake sa wa ciwo, ta ce in akwai sitaci zai yi baƙi. Mai dafaffen yawu ta yi baƙi ƙirin. Mai ɗanyen ko gezau, sitacin ya tafi.

Ta ce a cikin yawu akwai wani furotin da aikinsa ke nan, ya bi sitaci yana datsawa gutsi-gutsi har ya zama sukari. Shi ya sa in ka daɗe kana tauna rogo sai ka ji zaƙi. Ɗumi yake so, a nan ya fi sauri, amma in ya tafasa ya gama yawo. Tana goge allo ta ƙara da cewa, "Irinsa na nan cike a hatsin da ya tsira, da shi ɗan tsiron ke cin abincin da ke cikin ƙwayar. Ku tambayi masu kunu a gidajenku, sun fi ni sani. Ba za ku taɓa ganin sun tafasa tsiro ba."

Dariyar da ke bakina ta tsaya cak. Na dubi baƙar kwalbar nan, na ga tukunyar Inna. Na ce a raina, innalillahi, ni ce.

Hanyar gida ba ta da nisa, amma ranar sai da na yi kusan awa. Shaiɗan ya raka ni har ƙofa. Ya ce ke dai ki daina tafasawa kawai, kunu ya gyaru, a ce rubutu ne ya ci. Dabara ce mai kyau, sai dai Inna ta rantse ba za ta sake ɗora tukunya ba, tsiro na ƙarƙashin gado, gobe ne daren suna, kuma gobe da safe za a kai gero Jigwada. Ga Iya da ake gaisarwa da ka. Babu wata hanya sai ta bakina.

Na same ta tana tsince wake. Na durƙusa nesa kaɗan, inda muciya ba za ta kai ba. Don tsoro sai na fara da karatu. Na ce, "Inna, kin san akwai wani abu wai shi furotin?" Na kawo zare, na kawo duwatsu iri ashirin, har na cire ɗankwalina na warware mata.

Ta ce, "Ke, mayar da ɗankwalinki, ba a tsaya mini kai ba lulluɓi. Me kika yi?"

Na ce, "Tsiron ne."

"Ya yi me?"

"Na tafasa shi."

Ta ajiye faifan a hankali. "Yaushe?"

"In kin shiga la'asar."

"Sau nawa?"

"Duka ukun, Inna. Saboda ƙudaje."

Na rufe ido ina jiran saukar duka. Duka bai sauka ba. Da na buɗe, ba ni take kallo ba. Ta ɗaga hannunta na dama, ta juya bayansa, ta juya cikinsa, ta motsa ƙaramin yatsan. Sai ta ce masa a hankali, kamar mai yi wa ɗan da ya ɓata magana, "Ashe kana nan."

Sannan ta ce in matso. Na matso. Ta ce, "Bari in ga ko da gaske yana aiki." Ta sakar mini ranƙwashi a tsakar ka, wanda har yau in hadari ya haɗu ina jin wurin. Ta ce, "'Yar banza mai tukunya! Abu mai rai, wa ya ce miki ana zuba masa ruwan zafi? Ni da nake tsoma yatsa ina jira, kin ɗauka wasa nake da ruwa?" Na ce malama ta ce ba rai gare shi ba, naɗi ne. Ta ɗaga hannu za ta ƙara, na ce rai ne, rai ne. Daga baya na yi shekara talatin ina koyar da wannan darasi, na dafa yawun yara ba adadi, amma ban taɓa cin wannan gardama a gidanmu ba.

Ba ta bar ni na tuɓe kayan makaranta ba. Ta yafa mayafi ta tasa ni gaba har kantin Iya. Ta ce, "Faɗa mata." Na faɗa, kaina a ƙasa. Iya ta saurara har ƙarshe, ta dubi Inna, ta dube ni, sai ta fashe da dariya har tana riƙe kanta, tana cewa, "Boko! Boko!" Can dariyar ta juye ta ce, "Amma Maman yara, ni? Ni zan yi miki baki?" Inna, wadda ban taɓa jin ta ba wani haƙuri ba, ta ce, "Na zalunce ki, ki yafe ni." Iya ta ce ba za ta yafe ba sai an ba ta kwano guda nata ita kaɗai. A nan take Inna ta sayi ashana kwali biyu da ba ma bukata.

Washegari aka aika Jigwada da ban haƙuri. Inna ta jawo kwanon daga ƙarƙashin gado. Ita ta wanke tsiron, ita ta raka ni inji tana tafe a bayana kamar ɗan sanda, ranar har la'asar sai da ta sa ƙanwata gadin murhu. Da ta dama babban kason ta zauna jira, ta tsoma yatsa, ta zare. Ta ƙara jira. Ta sake tsomawa, bakinta na motsi, sai ta kamo hannuna ta tsoma nawa yatsan kusa da nata. Ta ce, "Ji nan. Ba zafin da zai sa ki ihu ba, ba kuma sanyin da za ki manta yatsanki a ciki ba. Ki riƙe shi, ba a rubuta shi a allo." Ta juye ɗanyen, ta gauraya, ta rufe, ta ɗora dutse a kan murfin tana harara ta.

Da sassafe ranar suna, maza na zaure ana shirin addu'a, ta ɗaga murfin. Ta sa ludayi, ludayi ya nutse ya taso da ruwa. Ta kurɓa. Sai ta ce a kawo rariya.

Mutanen Garaku suka sha suka nemi ƙari, wata tsohuwa a cikinsu ta rantse an sa zuma. Iya ta zo da kwanonta mafi girma, ta kama hannun Inna ta ɗaga ta ce tubarkalla sau uku da ƙarfi, yadda har na zaure za su shaida. Baba ya aiko a ce wa mai tuwo an gode. Ni aka ba tulu in kai wa maza, na tsaya bakin zaure ana miƙo kofuna.

Da na dawo, tsakar gida ta cika da mata ana ta guɗa, jariri na yawo hannu-hannu. Inna na can madafi ita kaɗai, ta ba taron baya, tana kankare tukunyar da ta riga ta fita tas. Na ajiye tulun. Ba ta juyo ba ta ce, ƙasa-ƙasa, "Wancan ya sha?"

Na ce, "Ya sha, Inna. Kofi uku. Ya ce a ajiye masa na yamma."

Ta ce, "Ji mai haɗama." Ta ja bakin mayafi ta goge ido, ta ce hayaƙi ne, alhali tun asuba aka kashe wutar.